Ƙwayar da Na Daka a Shayin Baba

Fukar Baba ta girme ni. Tun ina ƙarama nake jin ƙirjinsa yana kuka ta bayan bango, wani siririn sauti irin na buta in ruwa ya kusa tafasa, har na kai ina gane ranar da ciwon zai tashi tun kafin shi ya yarda. Mahauci ne ɗan mahauta. Kakanninmu da shanu suka shigo Njamena, shi kuma rayuwarsa duk a gaban tukuba ya yi ta yana shaƙar hayaƙi. In aka ce masa hayaƙin ne ke kashe shi, sai ya ce hayaƙin ne ya ciyar da mu har muka yi bakin yi masa wa'azi. Da aurena ya mutu na dawo gidanmu na unguwar Butalbagar, kula da shi ya koma hannuna, don Inna ta daɗe da rasuwa, Yayana kuma yana can Ngeli da iyalinsa yana fiton kaya ta gada zuwa garin Kusiri da ke tsallaken kogi. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ni ma na ɗauki sunan da gaske, ina masa faɗa kamar ni na haife shi.

A gidanmu maganin fuka shayi ne. Kakarmu ce ta bar mana wannan: a cika ganye, a bar shi a kan gawayi ya yi ta tafasa har ya yi baƙi ya yi kauri, sukari kaɗan, a sha da zafinsa. Kuma ba ƙarya ba ne, na sha ganin ƙirjin Baba ya saki bayan kofi biyu. Ni ce gwanar dafa shi. Har gobe ban ga macen da ta fi ni hannu a shayi ba a unguwar nan, duk da yanzu ba abin alfahari ba ne a wurina.

A daminar da nake ba da labari ruwa ya yi mana yawa. Bangon ɗakin Baba ya jiƙe har rabi, tabarma tana warin danshi, randarmu ginin ƙauyen Gawi ma sai da gansakuka ta fito mata a gindi. Fuka ta tashi ta ƙi kwanciya. Abin fesawa a baki da ya saba amfani da shi ya ƙare, na zaga shagunan magani uku ban samu ba. A ƙaramin asibitin unguwa aka rubuta masa wata farar ƙwaya, tiyofilin, aka ce ɗaya da safe ɗaya da yamma, kada a ƙara. Cikin kwalin akwai wata takarda a ninke, rubutun Faransanci ƙanana kamar tururuwa. Na iya Faransanci, na yi makaranta har aji uku na sakandare kafin a cire ni. Amma gawayinmu ya sha ruwa ya ƙi kamawa, sai na yage takardar na hura wutar shayi da ita. Ban karanta ko layi ɗaya ba.

Ƙwayar ta yi aiki. Kwana biyu kukan ƙirjin ya ragu, Baba ya fito tsakar gida ya zauna a ƙarƙashin rumfa. Sai dubiya ta fara.

Mahautanmu suna da tsarinsu na dubiya. Ba sa zuwa gaba ɗaya, don kada a bar tukuba ba kowa. Bibbiyu suke zuwa, waɗannan su tashi waɗancan su zauna, tun hantsi har la'asar. Kowa da goronsa a aljihu, ya fasa ya miƙa wa mara lafiya ɓari. Kowane zuwa kuma da sabon shayi, zagaye uku, kuma mai gida ba ya barin baƙo ya sha shi kaɗai. Abin da ya fi muni shi ne wata magana da suke yi a tsakaninsu, wai mahauci in ya mayar da kofi a fara tambayar kuɗin likkafani. Da wasa suke faɗa, amma ba wanda yake so a faɗa a kansa. Baba kuwa mutum ne mai girman kai a kan lafiyarsa. Duk kofin da na ɗora a faranti sai ya shanye, ya kife shi da ƙarfi don abokansa su ji, ya tauna goro a kai. Ni kuma ina bakin murhu ina jin daɗi, ina ƙara ganye, a zatona ina taimaka wa ƙwayar ne.

A rana ta huɗu na ji kofi yana kaɗawa a kan faranti lokacin da ya zo ajiyewa. Na duba, hannunsa rawa yake yi. Ya ce sanyi ne. Ya ce barci ya ƙi zuwa masa kwana biyu, ya yi mini tsawa a kan na ajiye butar alwala ba daidai ba, abin da bai taɓa yi ba. Da yamma ya yi amai. Na ɗora laifin a kan romon da wata maƙwabciya ta kawo, har na je ƙofar gidanta na gaya mata maganar da daga baya sai da na koma na ba ta haƙuri. Haka nake, in tsoro ya kama ni sai in nemi wanda zan yi wa faɗa.

Washegari bayan azahar, tsofaffi biyu suna zaune tare da shi, na fito da faranti na tarar yana numfashi da sauri, gumi yana zuba daga goshinsa, ya dafe ƙirji da hannu. Na durƙusa na kara kunnena a bayansa kamar yadda na saba. Babu kuka. Wannan siririn sautin da na sani tun ina yarinya babu shi ko kaɗan, sai bugun zuciya, da sauri, ba tsari, tana tsallake wasu tana haɗa wasu. Da ina da hankali a lokacin da na gane ba fuka ba ce. Amma an taɓa gaya mini cewa fuka in ta yi tsanani sosai ƙirji shiru yake yi, don iskar ma ba ta samun hanyar da za ta yi kuka. Wannan maganar ce ta faɗo mini. Na ce a raina yau Baba zai shaƙe a gabana ina kallo.

Na ruga ɗaki na ɓallo ƙwaya ɗaya. A gidanmu ba ma ba tsoho ko jariri ƙwaya a dunƙule, dakawa muke yi don ta narke da wuri ta yi aiki da wuri. Na dawo tsakar gida na ɗora ta a faranti na murƙushe ta da gindin kofi, na lura tana da tauri fiye da sauran ƙwayoyi, na ƙara dannawa har ta zama gari. Na zuba a shayi mafi kauri da ke cikin buta.

Baba ya kalli kofin ya ce, "Uwata, na sha ta safe."

Na ce, "Baba, ka sha. Ba shawara nake yi da kai ba."

Tsofaffin ba su ga dakan ba, suna can gefe suna salati. Baba ya kalle ni, sannan ya buɗe baki. Da hannuna na riƙe masa kofin har ya shanye.

Ba a yi la'asar ba ya faɗi. Yana zaune ne, sai na ga idonsa ya juye, jikinsa ya sandare, sannan ya fara fizga, ƙafarsa ta doki farantin kofuna suka watse. Jini ya fito ta gefen bakinsa, ya ciji harshe. Ban san na yi ihu ba sai da na ga tsakar gida ta cika da mutane. Ɗaya daga cikin tsofaffin yana tofa masa addu'a, ɗayan yana ta kiran sunansa. Na kira Yaya a waya, ban san me na faɗa ba, na dai ji yana cewa ga shi nan, mu fita da shi titi.

Fita titi a Butalbagar da damina ba ƙaramin aiki ba ne. Mota ba ta shiga layinmu, babur ma sai ya yi sa'a. A kurar da ake turo nama daga mayanka aka ɗora Baba, aka shimfiɗa masa tabarma, maza huɗu suna turawa cikin taɓo har gwiwa. Ni ina gefe na riƙe kansa don kada ya bugu da ƙarfe. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, na bar shi, ɗayan ma na cire na yar. Sau biyu fizgar tana tsayawa, in ce Allah ya kawo sauƙi, sai ta dawo. Ina kallon ubana a kwance inda ake kwantar da naman shanu, ina jin warin jinin da bai gama wankuwa daga katakon ba, kuma ni kaɗai a cikin mutanen nan na san abin da ke cikin kofin. Tsoro iri biyu ne a cikina, na ya mutu, da na a ce ni ce. Ina jin kunyar na biyun har yau, amma yana nan, ba zan ɓoye ba.

A babban asibiti muka haɗu da Yaya, ya zo a babur jikinsa duk laka. Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba za ta kai ni shekaru ba, siririya, ba ta da yawan magana. Aka yi wa Baba allura, fizgar ta lafa, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Ta tambaya da Larabci wane magani yake sha. Na ciro kwalin daga bakin zanena. Ta zaro katin ƙwayoyin, ta tambayi ranar da ya fara, ta bi ramukan da babu komai da yatsa tana ƙirgawa. Ta sake bi. Ta ce akwai ɗaya da ta wuce lissafi. Yaya ya juyo ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta tambaya ko yana shan shayi ko goro. Yaya ya ce shayi kam ai shi ne jinin gidanmu, kwanan nan ma dubiya ake yi. Na ga fuskarta ta canza.

A nan na san in na yi shiru zan iya kashe shi sau biyu. Yaya bai yi makarantar boko ba, ba ya jin Faransanci. Sai na matsa kusa da ita na faɗa mata da Faransancin da na yi shekaru ban taɓa ba, murya ƙasa ƙasa, cewa ni na ba shi bayan azahar, kuma dakawa na yi na zuba a shayi. Ba ta zage ni ba, ba ta ma kalle ni ba. Ta juya ta ba ma'aikatan umarni da sauri. Aka zura wa Baba roba ta hanci har ciki, aka fara ɗura masa wani baƙin ruwa. Na tambayi mene ne, aka ce gawayi ne na asibiti, yana kama maganin da ya rage a hanji. Gawayi. Na ce musu ubana ba murhu ba ne, na fara ɗaga murya, aka fitar da ni waje.

Baba bai farka ba ranar. Washegari da hantsi ma bai farka ba. Na tare likitar a baranda, idona ya kumbura, na tambaye ta wane irin magani ne wannan da ake ba mutum don ya yi numfashi kuma ya nemi ransa. Da faɗa na yi tambayar. Ta zaunar da ni a benci, ta juya bayan wata takarda ta fara zane.

Ta ce a jikin kowa akwai wani abu da ake kira adenosin, jiki ne ke yin sa, ya fi yawa inda aka gaji ko aka ji ciwo. Shi ɗan aike ne. Ƙwayoyin halittar jiki suna da wasu ƙananan ƙofofi da aka yi domin shi, in ya ƙwanƙwasa sai a karɓi saƙo. A hanyoyin iska na huhu akwai ƙwayoyin garkuwar jiki, masu gadi, kowace ɗauke da ƙunshin abubuwa masu sa kumburi, don yaƙar cuta. A ƙirjin mai fuka masu gadin nan a tsorace suke kullum. Da adenosin ya ƙwanƙwasa musu sai su zazzage ƙunshinsu gaba ɗaya, hanyar iska ta kumbura, ta matse, majina ta taru. Wannan kukan da na saba ji, in ji ta, iska ce ke neman wucewa ta wurin da ya ƙuntata. Tiyofilin kuwa zuwa yake ya zauna a bakin ƙofar, ɗan aike ya zo ya rasa wurin ƙwanƙwasawa, masu gadi su yi zamansu, kumburi ya ragu. Ta ce yana da wasu ayyukan ban da wannan, kuma ko su likitoci ba su gama sanin duk hanyoyinsa ba.

Na ce to ai alheri ne. Ta ce alheri ne, sai dai irin ƙofofin nan ba a huhu kaɗai suke ba. Akwai su a zuciya, akwai su a ƙwaƙwalwa, kuma a can saƙon da adenosin ke kaiwa shi ne a sassauta, a huta, a yi barci. In maganin ya yi daidai, zuciya da ƙwaƙwalwa suna jurewa. In ya yi yawa sai ya tare ko'ina, babu sauran mai cewa zuciya ta rage gudu, babu mai cewa ƙwaƙwalwa ta lafa. Ta haɗa yatsunta biyu har suka kusa taɓa juna, ta ce tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke illa bai fi haka ba. Abin da ke cikin shayi da goro mai hana barci ɗan'uwan wannan magani ne, ƙofa ɗaya suke tarewa, kuma hanta ɗaya ke aikin fitar da su, in sun taru sai layi ya yi mata tsawo. Shi ya sa shayin kakarmu yake buɗe ƙirji, ta ce, tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Ita kuma ƙwayar an yi ta da tauri ne da gangan, don ta riƙa sakin magani kaɗan kaɗan daga safe zuwa yamma. Da na daka ta, aikin wuni guda na zuba masa a lokaci ɗaya, a kan jikin da ya riga ya cika.

Rawar hannu, rashin barci, amai, duk jikin Baba yana gaya mini ne, ni kuma ina ƙara ganye. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin sanin da hannuna na cinna masa wuta a murhu.

Na tambaye ta ko zai tashi. Ta ce zuciyar ta fara daidaita, amma fizgar ta daɗe, ba za ta iya yi mini alkawarin yadda zai farka ba, ko zai gane mu, ko zai yi magana. Sai a jira hanta ta gama aikinta. Ban taɓa tunanin hantar Baba ba a rayuwata, mu da muka tashi muna yanka hanta muna tsirewa a tsinke. Ranar na zauna ina roƙon Allah a kan wata tsoka da ban taɓa gani ba.

Yaya kuwa ƙwaya ɗayan nan ta tsaya masa a rai. Ya tambayi tsofaffin da suka zo asibiti, suka ce su shayi kawai suka gani. Ya tambaye ni sau biyu, na ce masa ya bar ni da abin da ke damuna. Ya rantse in ya gano wanda ya ƙara wa tsoho magani ba zai ƙara haɗa hanya da shi ba har abada, ko wane ne. Na san Yaya, ba ya rantsuwa a banza. Mahauta suna ta zuwa bibbiyu kamar yadda suka saba, suna tsayawa a bakin taga, goro a aljihu ba wanda za su miƙa wa.

A rana ta uku, wajen walaha, Baba ya buɗe ido. Ina zaune a ƙasa kusa da gadon, Yaya yana tsaye. Idon ya yi ta yawo a rufin ɗaki, ya sauko kan Yaya, ya wuce, ya zo kaina ya tsaya. Na jira in ga ko akwai Baba a cikin idon nan ko babu. Leɓensa ya motsa, harshen a kumbure, maganar ta fito a murguɗe, amma na ji ta sarai. Uwata ya ce.

Na kifa kaina a kan ƙarfen gado na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Yaya ya yi hamdala, ya share ido da hannun riga. Da an bar shi a nan da ya isa. Amma bayan an ba Baba ruwa ya ɗan dawo hayyacinsa, Yaya ya sunkuya ya tambaye shi a hankali wa ya ba shi ƙwaya bayan ta safe. Na ɗago. Na buɗe baki zan faɗa, wallahi na buɗe, sai na ji hannun Baba ya sauka a wuyan hannuna ya matse, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ya ce, "Ni na ɗauka da kaina. Na ga kamar ta safe ba ta yi ba. Kalas, ya wuce, a bar maganar."

Yaya ya yi ta yi masa faɗa a ladabce, yana cewa tsufa ba hauka ba ne, daga yau magani a hannun ƙanwarsa zai zauna, ita ce mai hankali. Baba yana gyaɗa kai. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Da Yaya ya fita sanar da mutanen waje, na durƙusa daidai kunnen Baba na ce ya yafe mini, ni na daka, ni na zuba, ni na tilasta masa. Na ce da ya ƙi, da ya ture kofin kamar yadda yake ture duk abin da ba ya so.

Yana numfashi a hankali, ƙirjin shiru, irin shirun lafiya. Sannan ya juyo da kansa.

Ya ce, "Na ga lokacin da kike dakawa, Uwata. Na san ba fuka ba ce, na fi ki sanin fukata. Amma hannunki ya fi nawa rawa, shi ya sa na sha."